Iskar Oma Tineke

Shekara ashirin da shida na yi ina shiga ƙarƙashin ruwa da baƙi a tsibirinmu na Tomiya. A wancan lokacin in ka tambayi kowa a bakin gaɓa wa ya fi iya riƙe iska, kafin ka rufe baki zai ce maka La Arufa. To, ni ne La Arufa. Ba zan yi maka ƙaryar tawali'u ba, na ji daɗin sunan nan, na kuma cika baki da shi har sai da na ishi mutane.

Tukunyar iskar da muke goyawa ana cika ta har allurar agogonta ta hau ɗari biyu. Mu masu yi wa baƙi jagora muna da wata ɗabi'a, da zarar an hau jirgi bayan nutso sai kowa ya ɗaga agogonsa a ga abin da ya rage masa. Awa guda a ƙasa, wannan ya dawo da hamsin, wancan da sittin, ni kuwa in ɗaga nawa a ga ɗari da goma. Ba abin mamaki ba ne. Tun ina saurayi nake nutso da tiyon injin iska a haƙorana, muna kamun manyan jatan lande, lokacin da in injin ya mutu a sama sai dai ka yi ta kanka. Huhuna a nan ya koyi rowa.

Wadda ta fi shan tsiyata ita ce Rasni, ɗiyar ƙanwata. Ni na koya mata nutso, kuma a farkonta minti talatin ta zuƙe tukunya tas. Injin Ban Ruwa nake kiranta, a gaban baƙi ma ban fasa ba. Yanzu shekararta talatin da ɗaya, takardunta sun fi nawa yawa, kuma ita Pak Darwis mai masaukin baƙin da muke wa aiki ya damƙa wa jirgin safe. Duk da haka ban daina kiranta da sunan ba.

Bara waccan ƙirjina ya fara yi mini gardama. Taba mai kanumfari tun ina ɗan shekara goma sha biyar nake shanta, ta tashi karɓar hakkinta. Matakalar masallacinmu goma sha biyu ce, sai na ga ina tsayawa a ta takwas kamar mai gyara takalmi. A ƙarƙashin ruwa kuma allura ta fara saukowa, daga ɗari da goma zuwa tamanin, daga tamanin zuwa hamsin. Sai na koyi wata dabara. Ina hawa jirgi zan yi maza in rufe tukunyar in saki iskar da ke cikin tiyo, allura ta faɗi ƙasa. In an ce, "Kawu, nawa yau?" sai in ce, "Af, na riga na saki. Ku ci gaba da gasarku, yara."

Dalilin ɓoyon ba wani mai wuyar ganewa ba ne. Jagoran da iskarsa ba ta kai awa guda a jirgi ake barinsa, ya riƙe wa baƙi tsani, ya yanka musu abarba, ya miƙa tawul. Ni kuwa na fi son a yanke mini yatsa da a ce La Arufa ne mai yankan abarba.

A watan Oktoba Oma Tineke ta zo, zuwanta na goma sha ɗaya. Baturiyar Holan ce, tsohuwar ungozoma, shekararta saba'in da ɗaya, shi ya sa kowa ke ce mata Oma, wato kaka. Tana jin yarenmu tsinto-tsinto, kuma kowace shekara sai ta kawo mana wata baƙar alewa mai gishiri wadda ko awakinmu ba sa ci. Mu karɓa da hannu biyu mu yi godiya. Ba ta yarda kowa ya shiga ruwa da ita sai ni.

"Arufa," in ji ta ranar da ta sauka, "bana ɗan dokin nan nake so. Idona yana tafiya. Ka nuna mini shi kafin ya tafi gaba ɗaya."

Wani ɗan kifi take nufi mai kai irin na doki, bai fi ƙwayar shinkafa ba, yana maƙale a jikin wani murjani da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, mai rassa da faɗi kamar mahuci, launinsu ɗaya sak. Sai a zurfi ake samunsa, kuma nemansa yana cin lokaci. Na bugi ƙirji na ce mata ta ɗauka ta gan shi ta gama.

Ranar Talata da safe muka fita. Rasni tana da baƙi huɗu, ni kuma ni da Oma kaɗai. Ruwan garau yake, tun daga sama kana hango katangar murjani tana gangarawa har inda shuɗi ya koma baƙi. Muka bi jikin katangar muna sauka. Garken ƙananan kifaye ruwan goro ya dare mana hanya ya sake haɗewa a bayanmu. Wani tsohon kunkuru da na sani yana kwance a kan ɗan dandamalinsa yana gatsar soson teku, ko kallon arziki bai yi mana ba. Oma ta ɗaga masa hannu kamar yadda ta saba.

Matsalar ita ce ruwan yana ja, kuma gabanmu yake turowa. Kowane bugun ƙafa sai na biya shi da numfashi biyu. Kafin mu isa wurin murjanin, a mita ashirin da takwas, na saci kallon agogona na ga saba'in. Na soke shi a ƙarƙashin ɗamara na fara duba rassan ɗaya bayan ɗaya.

A ƙarƙashin ruwa da hannu ake magana. In aka buga yatsu biyu a tafin hannu, ana tambayarka iskarka nawa. In ka gicciya hannu ɗaya a kan ɗaya, rabi ke nan, wato ɗari. In ka dunƙule hannu, hamsin, kuma dokar ita ce daga hamsin sai sama, babu roƙo babu jayayya. Wannan doka na koya wa mutum ya fi ɗari uku. Na taɓa korar wani ƙaton Bature daga jirgi kwana biyu saboda ya karya ta.

Rasni tana samanmu da baƙinta, kamar mita takwas tsakaninmu. Ta ƙwanƙwasa tukunyarta, na ɗaga kai, ta buga yatsu biyu a tafi. Allurata tana kan arba'in. Na gicciya mata hannu, na ce rabi. Ta tsaya tana kallona na ɗan lokaci, sannan ta juya wurin mutanenta.

Na ce wa kaina minti uku kawai. Cikin ikon Allah kuwa sai ga shi, ya naɗe jelarsa a wani siririn reshe, ja-ja da ƙuraje a jiki, cikinsa ya yi tulu. Na yafito Oma. Ta fito da madubinta mai ƙara girma ta kara fuska, na ji tana wani ƙara a cikin abin numfashin da ke bakinta, irin na wanda aka yi wa albishir. Nan ne ya kamata in taɓa kafaɗarta in nuna sama. Amma in na ɗauke ta yanzu, minti talatin ko cika ba a yi ba, za a tambayi dalili a jirgi. Na bar ta tana kallo, ni kuma ina ƙirga numfashina kamar mai ƙirga sauran hatsi.

Iska ba ta yankewa lokaci ɗaya. Da farko sai ta yi tauri, kamar kana zuƙar kunu mai kauri ta cikin tsinke. Na ja ɗaya da ƙyar. Na ja na biyu da ƙyar. Na uku babu komai.

Abin da ake yi a nan ko a mafarki aka tashe ni zan faɗa. Ka ja hannu a wuya alamar iska ta ƙare, ka ɗauki tiyon ko-ta-kwana na abokin tafiyarka, ka sa a baki. An yi shi ruwan ɗorawa don kada ido ya ɓace shi. Na Oma yana nan a rataye a ƙirjinta, bai kai kamu ɗaya daga hannuna ba. Na gan shi da idona.

Ban ɗauke shi ba. Hannuna ya wuce shi ya kai bakin tsohuwar nan, na fizge wanda take numfashi da shi na cusa a nawa.

Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, tana tsakiyar jan numfashi. Ruwan gishiri ta shaƙa. Madubin ya suɓuce daga hannunta ya yi ƙasa yana juyi. Idanunta suka firfito a cikin gilashi, ta fara lalube a fuskarta, ta fara harbin ruwa za ta yi sama a guje, wanda daga wannan zurfin zai iya fasa mata huhu. Ni kuwa, La Arufa, na riƙe abin da hannu biyu ina zuƙa ina zuƙa, ban ko miƙa mata ruwan ɗorawar da ke lilo a tsakaninmu ba.

Rasni ce ta faɗo mana daga sama kamar dutse. Ashe ba ta yi nisa ba. Ta damƙi ɗamarar Oma da hannu ɗaya ta hana ta tashi, ta cusa mata nata tiyon na ko-ta-kwana a baki, ta danna ya feso iska. Oma ta yi tari, ta yi tari, kumfa ya turnuƙe mu, sannan numfashinta ya fara daidaita. Rasni ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Ta nuna wa baƙinta sama, ta nuna mana sama.

Tiyon da ke bakina gajere ne, daga tukunyar Oma yake fitowa. Saboda haka dole muka hau fuska da fuska, ni da ita, gilashina kusan yana taɓa nata. A mita biyar kuma akwai tsayuwar minti uku da ba a tsallakewa. Na yi tsayuwar nan sau dubbai, ban taɓa sanin minti uku yana da tsawo haka ba. Wani siririn jini yana fita daga leɓenta inda na yage shi, ruwa yana ɗauke shi. Tana kallona. Ba harara ba ce, da harara ce ma da na fi samun sauƙi. Kallon wanda yake ƙoƙarin gane mutum ne. Ni kuma ba inda zan kai idona, ga shi iskarta nake sha.

Da muka hau jirgi wani daga cikin baƙin ya tambayi abin da ya faru. Kafin in buɗe baki Rasni ta ce, "Robar wuyan tukunyarsa ce ta fashe, iskar ta zube." Oma tana zaune an lulluɓe ta da tawul, ba ta ce uffan ba. Ni ma na ja bakina na tsuke, har da ɗan gyaɗa kai.

Ƙarya dole ta sauka a kan wani. La Upa shi ke cika tukwane yana duba robobinsu, tare muka taso, tare muka yi nutson tiyo muna samari. Pak Darwis ya same shi a ƙofar rumfar injin ya wanke shi tas a gaban masu girki da masu shara. La Upa yana tsaye da tsumma a hannu, kansa a sunkuye. Da aka gama ya ce, "Laifina ne, Pak. Ba za a sake ba." Ina tsaye a bayan tankin wanke kaya ina ji, ban fito ba.

Bayan la'asar Rasni ta same ni a wurin ina ta ɗaurayar rigar robar da na riga na ɗauraye sau biyu.

"Kawu, nawa ka nuna mini a ƙasa?"

"Ke Rasni, ki iya bakinki. Ni na koya miki yadda ake sa gilashi a fuska."

"Kai ka koya mini, ban musa ba. Nawa ka nuna mini?"

"Rabi."

"A agogon kuma nawa ne?"

Na ci gaba da matse rigar.

"Wai kai a tunaninka ba wanda ya sani?" in ji ta. "Shekara guda ke nan Baba Upa yana ɗura maka ɗari biyu da talatin, yana salati kada tukunyar ta tashi da fuskarsa. Ni kuma ina katse nutso a minti arba'in in ce wa baƙi ruwa zai juya. Ruwan da ba ya juyawa sai azahar! Har mai tuƙa jirgi ya sani. Kana hawowa ka yi wuf ka saki iska, mu kuma duk mu juya muna kallon teku kamar yau muka fara ganinsa."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Ni ina ganin na iya wayo, ashe gari guda ne ya taru yana rufa mini asiri kamar yadda ake yi wa tsohon da ya yi fitsarin kwance. Sai borin kunya ya taso mini.

"To me ya hana ku faɗa mini? Bakinku ciwo yake?"

"Wa zai faɗa maka? Ni Injin Ban Ruwa? Nauyinka muka ji, Kawu. Ga inda nauyin ya kai mu, saura ƙiris mu ɗauko gawar tsohuwa. Kuma yau na yi ƙarya saboda kai, an ci mutuncin Baba Upa saboda kai." Ta share ido da bayan hannu. "Ko ka je wurin Pak Darwis kafin magariba, ko ni in je. Na san Inna za ta yi wata ba ta yi mini magana ba, amma zan je."

Na je. Ba don jarumta ba, don na san za ta aikata ne. Na tsaya a ofishinsa na faɗi komai, da arba'in ɗin, da hannun da na gicciya, da bakin da na fizga. Pak Darwis ya saurare ni har na gama. Bai zage ni ba. Ya ce daga jibi in riƙa bin jirgin safe ina taimaka wa baƙi da kaya, kuma in je asibiti a duba ƙirjin nan.

Daga can na wuce rumfar La Upa. Na same shi yana cin dafaffen rogo da romon kifi. Na fara magana, ya turo mini kwanon da ƙafa.

"Zauna ka ci, tsohon banza. Da ma Pak Darwis ya kwana biyu bai zage ni ba, har na fara kewa."

Na zauna, na ɗauki rogo ɗaya ina ta jujjuya shi a hannu.

Wurin Oma ne na fi jin tsoron zuwa. Washegari da hantsi na same ta a barandar ɗakinta, leɓen ya kumbura. Na durƙusa a bakin matakala na ce mata ba roba ba ce, ni ne, ƙarya na yi, kuma hannuna ne ya yi mata abin da ya yi.

"Na sani, Arufa," in ji ta. "Amma na gan shi fa. Ka ga cikinsa? Su namijin ne ke ɗaukar ciki, kuma wannan ko yau ko gobe zai haihu, ni na san aikina." Ta yi murmushi da gefen bakin da bai kumbura ba. Ta ce yau za ta huta, gobe za ta shiga ruwa da Rasni.

Har na ji ɗan sanyi a raina. Na ce ashe abin bai kai inda na zata ba, ni kaɗai na yi asara, kuma na cancanta.

Ranar Alhamis na hau jirgi a sabon matsayina. Na yanka abarba na jera a faranti, ba wanda ya yi mini dariya, wanda hakan ma wani ciwon ne. Muka tsaya a wani wuri marar zurfi, ruwan kwance kamar an shimfiɗa shi, kana ganin kifaye masu zane suna kiwo a kan murjani. Rasni ce ta zaɓi wurin saboda Oma. Baƙi suka faɗa ruwa da baya, ɗaya bayan ɗaya. Rasni tana ruwa tana jira, ta miƙo hannu.

Oma ta zauna a gefen jirgi da tukunyarta a baya, ta juya wa ruwa baya kamar yadda ta yi sau ɗaruruwa. Ta sa abin numfashi a baki. Rasni ta ƙirga, ɗaya, biyu, uku. Ba ta motsa ba. Na ga ta ɗora hannu biyu a kan abin ta danne shi a bakinta, har yatsunta suka yi fari. Numfashinta yana fita da sauri, ana jin ƙararsa har ƙarshen jirgi.

"Ba gaggawa, Oma," in ji Rasni. "Ina nan. Sai kin shirya."

Aka sake ƙirgawa. Aka ƙirga na uku. Daga nan ta cire abin daga bakinta a hankali, ta tura gilashin goshi, ta ce, "Ku tafi, 'yata. Yau dai a'a."

Rasni ta dube ni, sannan ta nutse da baƙinta. Kumfarsu ya yi ta tasowa yana fashewa a gefen jirgi. Oma ta leƙa tana kallon ruwan da ta ƙetaro rabin duniya dominsa shekara goma sha ɗaya a jere.

"Arufa, zo ka cire mini wannan, ya yi mini nauyi."

Na zo ta gabanta na miƙa hannu zan ɓalle maɓallin da ke ƙirjinta. Kafin in taɓa shi ta zabura ta ja baya, ta rufe bakinta da tafin hannu. Ba da niyya ta yi ba, jikinta ne ya yi. Muka tsaya a haka, hannuna a sama, nata a baki. Sai ta ga fuskata, ta sauke hannun da sauri.

"Yi haƙuri, Arufa," in ji ta. "Don Allah yi haƙuri."

Ita ce take ba ni haƙuri. Na zagaya ta bayanta na kwance tukunyar, na kai ta ƙarshen jirgi na ɗaure, na daɗe a can ina ɗaure igiyar da ta riga ta ɗauru. Kwana shidan da suka rage mata a baranda ta yi su. Da Oktoba ya zagayo ba ta zo ba.